Yadda za ka kafa tsarin Man City na 2023 a wasan kwamfuta na Football Manager 2024

Fara da 4-3-3, ɗan tsakiya ɗaya a gindi kamar Rodri. Sirrin yana baya: ka ba ɗaya daga cikin 'yan bayan tsakiya aikin libero, irin na Stones, ya riƙa hawa kusa da na gindin idan ƙwallo tana ƙafarku. 'Yan bayan gefe biyu su shigo ciki, baya ta zama mutum uku, tsarin ya koma 3-2-4-1.

'Yan gefen gaba su manne da layi, fasin kuma gajere.

Inda ake shan wuya shi ne tura layin baya sama sosai. In 'yan bayanka ba su da gudu, ƙwallo ɗaya ta saman kai ta gama da ku. Makin saurinsu a wasan bai kai 14 cikin 20 ba? Sauko da layin mataki ɗaya.