Yadda Ake Zaɓen Tsarin Tafiyar da Sito

Kafin mai sito ya ƙara kanta ko ya ɗauki ƙarin 'yan dako, ya kamata ya zauna ya tantance abu biyu game da kowane irin kaya da ke hannunsa: saurin fitarsa, da tsawon lokacin da zai jure kafin ya lalace. A kan waɗannan ake gina tsari, girman ginin kuwa daga baya yake zuwa.

Matakin farko shi ne a ɗauko littafin shiga da fita na watanni shida, a jera kaya bisa yawan fitarsu, sannan a kasa su gida uku. Yawanci za a tarar kaya kaɗan ne, kimanin kashi 20 cikin 100, suke kawo mafi yawan cinikin. Waɗannan su za a ajiye kusa da ƙofar lodi, a ƙasa, inda ɗan dako zai ɗauka ba tare da hawa ba. Masu matsakaicin tafiya su bi bayansu, waɗanda sai jefi-jefi ake nema kuma a kai su can ƙurya. Dillalin Kasuwar Singa a Kano wanda ya ajiye katan-katan na taliya a bayan sabulun da sai wata-wata ake taɓawa, kullum yana biyan kuɗin dakon da bai kamata ya biya ba.

Sai a yanke shawarar wane kaya zai riga fita. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce wanda ya fara shiga shi zai fara fita, amma ga madara, magani da sauran abin da ke ɗauke da ranar lalacewa, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ake fitarwa ko da jiya ya iso. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin suna rubuta ƙa'idar a littafi amma su jibge sabon kaya a gaban tsohon. Muddin tulin ya jingina da bango, ta fuska ɗaya kawai za a iya ɗiba, tsohon kaya kuwa zai zauna a ciki har ya ɓaci. Maganin shi ne a bar hanya ta kowane gefe, a kuma rubuta ranar shigowa a jikin kowane tuli.

Sito na hatsi, irin na Kasuwar Dawanau da ke Kano, hukuncinsa daban ne, saboda ɗan kasuwa da gangan yake saye da kaka ya riƙe har farashi ya tashi. Abokan gabarsa su ne laima da ƙwari. Kada a karɓi masarar da danshinta ya wuce kashi 13 cikin 100, a ɗora buhuna a kan katako, a kuma nisanta su da bango. Ga wake, buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS yana kashe ƙwari ta hanyar hana iska shiga, wanda ya fi zuba magani lafiya nesa ba kusa ba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Akwai kuma tsarin da ake sauke kaya daga tirela a loda su kai tsaye cikin ƙananan motoci ba tare da sun kwana ba, wanda kamfanin Walmart na Amurka ya yi fice da shi, da kuma tsarin kamfanin motoci na Toyota na kawo kaya daidai lokacin buƙata. A ganina, duka biyun ba su dace ba sai ga wanda ya tabbatar da ranar isowar motarsa. Wanda kayansa ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas zuwa Kano gara ya riƙe ajiyar ko-ta-kwana ta kayan da suka fi tafiya.

Ƙidaya kuma kada a jira ƙarshen shekara. Kayan rukunin farko, wato masu saurin fita, a ƙirga su kowane mako, sauran kowane wata, kuma wanda ke riƙe da makulli kada ya zama shi ne ke riƙe da littafi.