Kafin ka loda kaya zuwa Turai: yadda za ka shirya wa harajin hayaƙi

Aikina cike takardun masu fitar da kaya waje, kuma kwanan nan tambaya ɗaya ake ta yi mini: wai harajin CBAM, wanda Tarayyar Turai ke ɗorawa kan kayan da ake shigar mata saboda hayaƙin da aka fitar wajen ƙera su, ya shafe ni?

Fara duba lambar kwastam ta kayanka. Harajin na kan siminti ne, da ƙarfe, da alminiyam, da takin zamani, da lantarki, da iskar haidirojin. Mai riɗi, zoɓo, citta ko ƙirgi, sha kuruminka. Amma in kana narka tsofaffin gwangwanaye ka zuba alminiyam a curi-curi, kai fa ka shiga layi.

Asalin maganar kishi ne na kasuwa. Tun 2005 manyan masana'antun Tarayyar Turai ke cikin tsarin biyan kuɗin hayaƙin da suke fitarwa, sai suka koka cewa kayan ƙasashen da ba a biya za su kashe musu kasuwa. Shi ne aka ƙirƙiro CBAM, aka fara da ba da rahoton hayaƙi kawai a Oktoban 2023, lissafin kuɗi ya soma daga Janairun 2026.

Mai shigo da kayan a can shi ke biya, ba kai ba. Sai dai wa ya ce maka ba zai zaftare a farashinka ba? Saboda haka nemi littafi, ko da irin na 'yan makaranta ne. Kowane wata rubuta man da murhunka ya ci, gas ne ko dizal ko baƙin mai, da tan nawa ka fitar, da inda ka samo kayan narkawa. Rasit kuwa, kada ko ɗaya ya ɓace. Ka ware kuɗin mai tantancewa da Turai ta amince da shi, don ba za a karɓi lissafin fatar baki ba. In ba ka da alƙaluma, nasu ƙiyasin za su ɗora maka, kuma da gangan aka yi shi da nauyi.

Tambayi mai sayenka ko abin da yake shigarwa ya kai tan 50 a shekara. Ƙasa da haka an yafe masa.

Akwai ragi in an riga an biya harajin hayaƙi a gida. Shi ya sa gwamnatoci ke tunanin gara su karɓa da kansu da kuɗin ya tafi Turai. Indiya da Sin na ta ƙorafi, Birtaniya kuwa nata zai fara a 2027, don haka littafin nan sau biyu zai yi maka aiki.