Kafin ki haɗa bargon ƙyallaye

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hunturu ya matso, na ga da yawanmu nan Gusau mun fara tara ƙyallayen atamfa daga wurin tela don haɗa bargo. Don Allah kada ki zuba wahalarki a kan kowane irin ƙyalle.

Bara na haɗa wa yarana ɗaya, na cakuɗa atamfar auduga da mai roba. Wanki uku kawai, audugar ta tsuke, mai robar ta tsaya yadda take, ɗinkin ya tattare ya fara ɓallewa. Har yau abin yana min ciwo, sati biyu na yi a kansa.

Gwajin ba wuya. Zare ɗan zare ki kusanta shi da ashana: auduga takan ci wuta ta zama toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule da tauri. Ki ɗaga ƙyallen ga rana, in kina hango haske sosai, saƙar ba ta da ƙarfi.

Sannan ki wanke su duka kafin yanka, sitacin ya fita, mai zuba ta nuna kanta. Ja da shuɗi ki jiƙa su daban. Shanya kuma a inuwa.