Yadda za ka buɗa layuka a Excel kafin ka buga takarda

Jama'a barkanmu da war haka. Masu shirya sakamakon jarrabawar ɗalibai a Excel, ga wata 'yar dabara.

Shekaranjiya na buga sakamakon aji guda, sai na ga sharhin malami ya yanke, rabinsa ya ɓuya. Na ɗora wa firinta laifi, ashe layukan ne suka matse. Idan salon rubutunka Calibri ne mai girman 11, tsayin da Excel ke ba kowane layi 15 ne, wato wurin rubutu jere ɗaya tak.

Ka danna Ctrl+A, ka maimaita har sai ka zaɓi shafin gaba ɗaya, sannan ka kunna Wrap Text da ke ƙarƙashin Home, wanda ke sa dogon rubutu ya sauko jere na gaba a cikin akwatinsa. Sai ka kai kibiyar linzami gefen hagu, kan iyakar da ke tsakanin lambobin layuka biyu, ka danna sau biyu da sauri. Nan take kowane layi zai buɗe daidai da abin da ke cikinsa. Mai son allon maɓallai ya danna Alt, H, O, A, ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai akwatunan da ka haɗe da Merge ba sa jin wannan magani. Su sai da hannu: Home, Format, Row Height, ka rubuta lambar da kake so, iyakarta 409. Ni wurin sa hannun iyaye nakan ba shi 30, don biro ya samu wurin motsi.

Don Allah kuma a daina barin layi babu komai a tsakani wai don a samu sarari. Ranar da ka zo yin Sort, wato jera sunaye bisa tsari, a nan zai tsaya, sunayen da ke ƙasa su zauna yadda suke.