Ƙurajen aski: kurakuran da muke yi daga gida har wurin wanzami

Yawancin ƙurajen da ke fitowa a haɓa da wuya bayan aski ba wata cuta ba ce daga waje. Gashin mutum ne da kansa. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in reza ta yanke shi ƙasa-ƙasa sai bakinsa ya yi tsini, ya lanƙwaso ya soki fata, ko ya kasa fitowa ya yi ta girma a ciki. Daga nan sai kumburi da ƙaiƙayi, wani lokaci har da mugunya.

Saboda haka babban kuskure shi ne neman fuska ta yi sumul. Saurayi ya ja fata da yatsu, ya bi da reza ta inda gashi bai kwanta ba, ya sake maimaitawa har sau uku. Ranar ya fito fes, bayan kwana biyu wuya ya cika. Gyaran shi ne ka bi kwanciyar gashi, bi ɗaya, ba jan fata. A wuya gashi yakan karkata gefe, shafa da hannu ka gane hanyarsa tukuna. Reza mai baki uku ko biyar ta fi mai baki ɗaya yin ɓarna a irin gashinmu. Wanda kuwa ƙuraje suka riga suka addabe shi, ya ajiye reza wata guda cur, sannan ya koma na'urar aski, a riƙa barin kamar milimita 1.

Aski a bushe ma muna yawan yi, musamman da hunturu, lokacin da ƙurar Yamai ta busar da fata. Tawul da ruwan ɗumi na minti biyar, sabulu mai kumfa, shi ke nan. Reza ta dakushe, a jefar.

Sai abin da ake shafawa bayan an gama. Alkol da turare suna sa zafi, mutane kuma sun ɗauka zafin nan shi ne magani. Busar da fata kawai suke yi. Ruwan sanyi da ɗan man kaɗe sun wadatar, amma da zafin Afrilu da Mayu a rage man, don in ya haɗu da gumi yana toshe kafofin gashi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne man bilicin da ake saya a tebur cikin kasuwa. Da yawansu suna ɗauke da clobetasol ko betamethasone, magungunan kumburi masu ƙarfi sosai: ƙurji ya kwanta da wuri, daga baya fata ta yi siriri, tabo ya ƙaru. In ƙaiƙayi ya yi tsanani, man shafawa na hydrocortisone mai kashi 1 cikin ɗari daga farmasi ya isa, na ƴan kwanaki kawai. Kuma a daina matsa da tono da allura, nan baƙin tabo ke farawa.

Wurin mai aski, daga unguwar Wadata har Bukoki a Yamai za ka ga ana haska wa bakin na'ura wutar ashana ta daƙiƙa biyu, a ce an kashe cuta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a kan ƙarfe, makero ma ta nan yake yawo tsakanin yara. Ka ce: "Maigida, buɗe sabuwar reza a gabana." Wanzamin kirki ba ya jin haushin wannan. Mai hali ya sayi tasa na'urar ya riƙa zuwa da ita.

Gashin hammata da na mara, sunna ta ce kada ya wuce kwana 40, ba ta ce kullum ba. Mata da maza su bar tazara, su sa tufafin auduga marasa matsi bayan aski.

Ƙurajen ƙeya daban ne. In sun fara tauri suna haɗewa, gashi yana zubewa a wurin, a daina gyaran layi da reza, a je wurin likitan fata tun suna ƙanana, don in sun zama tudu sai allura ko tiyata. Haka nan in kumburi yana yaɗuwa ko an fara zazzaɓi, ranar za a tafi asibiti.