Ruwan da Ke Cikin Inji: Yadda Ake Kwanar da Mota a Sanyin Manitoba

Duk wanda ya taso a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san yadda direba mai kula da motarsa yake fara yininsa: ya buɗe bonet, ya leƙa lagireto, idan ya ga ruwa ya yi ƙasa ya ɗauko jarka ya cika shi da na famfo. A gida babu laifi a cikin haka. A Winnipeg kuwa, babban birnin lardin Manitoba na ƙasar Kanada, wannan al'ada ita ce take fasa inji, kuma ɓarnar takan auku ne cikin dare, lokacin da mai motar yake barci cikin ɗaki mai ɗumi. Na daɗe ina aiki a wani garejin gyaran motoci a wannan gari, kuma babu lokacin sanyin da yake wucewa ba a jawo mana motar wani sabon zuwa da wannan matsala ba.

Idan ruwa ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma hanyoyin ruwa da ke cikin inji ba su da wurin da za su ba shi. Siraran bututun lagireto ne suke fara tsagewa, idan kuma sanyin ya daɗe sai ya kai ga gangar injin kanta, wadda gyaranta sau da yawa ya fi kuɗin tsohuwar motar. A watan Janairu daren Winnipeg yakan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili, kuma ganin 30 ko 35 ba abin mamaki ba ne. Mu da muke cewa hunturu ya yi tsanani idan ma'auni ya nuna digiri 12, ba mu da abin da za mu kwatanta wannan da shi.

Abin da ake zubawa a lagireto a nan shi ne ruwan hana daskarewa, wanda ake haɗawa da sinadarin gilaikol. Idan aka gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa, ba ya daskarewa sai an kai kusan digiri 37 ƙasa da sifili, shi ya sa a wannan yanki mutane da yawa sukan ƙara shi zuwa kashi 60. Kada mutum ya ce tun da yana da amfani bari ya zuba shi zalla, domin gilaikol zalla yana daskarewa tun a wajen digiri 13 ƙasa da sifili, ƙarfinsa yana cikin gaurayen ne. Duk wanda ya sayi mota ta hannu, musamman wadda aka kawo daga wuri mai ɗumi kamar Vancouver ko jihohin kudu na ƙasar Amurka, ya sa a gwada masa ruwan tun a watan Satumba. Ma'aunin gwajin ɗan ƙaramin abu ne mai araha, kuma aikin bai wuce minti biyu ba. A kuma kula da inda ake ajiye galan ɗin, domin ruwan yana da zaƙi, kuma guba ne ga yara da dabbobi.

Inda na fi fahimtar wannan lamari shi ne a kan motar tsere. Maigidana yana da wata da yake kaiwa filin tsere na Gimli, tafiyar kusan awa ɗaya arewa da gari, a tsohon sansanin jiragen saman nan da wani jirgin Air Canada da mai ya ƙare masa ya sauka a 1983. Filayen tsere da yawa ba sa yarda a shiga da gilaikol a cikin inji, saboda idan ya zube a kan kwalta santsinsa kamar na mai ne, kuma yana da wuyar gogewa. Don haka masu tsere sukan zuba ruwa zalla, su ɗan ƙara masa wani sinadari da yake taimaka wa sanyaya inji da hana tsatsa, amma ba ya hana daskarewa ko kaɗan. Wato motar da ta fi kowace tsada a garejin ita ce take yawo da irin ruwan da direbanmu na gida yake zubawa.

Wata shekara a cikin Oktoba mun dawo da ita da daddare a gajiye, muka bar ta cikin tirelarta mai rufi a bayan gareji, muna ganin ai a rufe take. Kwana biyu ta yi a wurin, sama tarwai babu gajimare, irin daren da sanyi ya fi sauka. Da na sauke ƙofar baya a safiya ta uku, na taɓa tiyon lagireto na ji shi tauri kamar icce, sannan na hango wani ɗan faifan ƙarfe a kan daɓen tirelar, ƙanƙara kuma ta leƙo daga ramin da ya fito a gefen injin. Mutane sukan ɗauka an yi waɗannan marafai ne domin su fita su ceci inji, amma asalinsu ramuka ne da aka bari wajen zubin ƙarfe a masana'anta. Mun yi sa'a gangar ba ta tsage ba, lagireto ne kawai ya tafi. Na san waɗanda ba su yi wannan sa'ar ba.

Kuskurenmu shi ne mun ɗauki tirela a matsayin ɗaki. Bangonta siririn falle ne na alminiyam da katako mara kauri a ciki, kuma mafi yawansu ba su da abin riƙe zafi. Tana tare iska, wannan kuwa yana jinkirta hucewar injin, amma ba ta ƙara zafi ko digiri ɗaya, kuma kafin asuba cikinta da wajenta sun zama ɗaya. A nan ne ya kamata sabon zuwa ya gane wani abu game da hasashen yanayi: lambar nan ta biyu da ake faɗa, wadda take haɗa sanyi da kaɗawar iska, ta jikin ɗan Adam ce. Iska tana sa ƙarfe ya huce da sauri, amma ba ta sauke shi ƙasa da ainihin sanyin da ma'auni ya nuna, don haka lambar farko ita ce ta mota.

Tun daga wannan rana, idan motar za ta kwana a waje daga tsakiyar Satumba, mukan juye ruwan mu zuba na hana daskarewa, mu tayar da injin har ya yi zafi domin ya zagaya ko'ina, idan an je fili kuma a juye shi a cikin mazubi a ɗauraye. Aiki ne mai cin lokaci, amma a ganina shi kaɗai ne mutum zai yi ya kwanta hankalinsa kwance. Wasu sun fi son su tsiyaye ruwan su bar injin babu komai, sai dai buɗe ƙasan lagireto kaɗai ba ya isa, domin ruwa yakan maƙale a cikin ganga, dole a kwance matosanta na gefe. Tayoyin tsere ma mukan cire su mu shigar da su ciki, saboda masu ƙera su suna gargaɗi cewa robarsu mai laushi tana iya tsattsagewa a cikin tsananin sanyi, haka kuma batir, musamman na litiyam wanda ba a yi masa caji idan sanyi ya kai ƙasa da sifili.

Akwai masu saka hita a cikin tirelar. Idan ta lantarki ce, irin mai mai a cikinta wadda ba ta da jan wuta a fili, kuma an nisanta ta da tankin fetur, tana iya riƙe dare mai matsakaicin sanyi. Amma hita mai wat 1500 tana cinye kusan duk ƙarfin layin gida mai amfiya 15, kuma idan wutar ta yanke da ƙarfe biyun dare babu wanda zai sani. Soket ɗin lantarki da ake sakawa a wuraren ajiye motoci domin jona hitar inji ma ba abin dogaro ba ne a nan, domin da yawansu an tsara su suna kawo wuta suna ɗaukewa, wasu kuma ba sa bayarwa sai sanyi ya yi tsanani sosai. Hitar gas, ko gawayi, ko janareta a cikin rufaffiyar tirela kuwa, ina roƙon 'yan'uwa da girman Allah kada su kusance su. Ga tururin fetur da ke jiran wuta, ga iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum yana barci. Hukuncin ɗaya ne da barin mota tana aiki a cikin rufaffen gareji.

Ga motar yau da kullum, abin ya fi sauƙi. Wayar nan da sabon zuwa yake gani tana leƙowa daga gaban motoci ta hitar inji ce, wadda wani injiniya mai suna Andrew Freeman na jihar Dakota ta Arewa a Amurka, maƙwabciyarmu ta kudu, ya samu rajistar ƙirƙirarta a 1949. Tana ɗumama injin domin baƙin mai ya saki jiki ya zagaya da zarar an tayar. Idan za a kai digiri 15 ƙasa da sifili a jona ta, kuma awa uku ko huɗu kafin fita sun wadatar, don haka ɗan agogon da yake kunna wuta da kansa yana rage kuɗin lantarki. A tabbata wayar ta amfanin waje ce, ba ta da tsaga, kuma a tuna a cire ta kafin a ja mota. Baƙin man kuma ya zama wanda littafin motar ya ambata, irin su 0W-20 ko 5W-30, domin mai kaurin nan 20W-50 da muka saba da shi a gida yakan zama kamar zuma mai sanyi a nan.

Batir mai cikakken caji yana jure sanyi mai tsanani, amma wanda ya yi ƙasa sosai yana iya daskarewa da 'yan digiri kaɗan ƙasa da sifili, kuma gajerun tafiye-tafiye na cikin unguwa ba sa cika shi. Idan aka ga gefensa ya kumbura, kada a jona masa wayar wata mota, yana iya fashewa. Ruwan wanke gilashi ya zama mai lambar 40 ƙasa da sifili, kuma ba a watsa ruwan zafi a kan daskararren gilashi.

Idan kuma aka wayi gari aka tarar tiyo ya yi tauri, ko ruwan lagireto ya zama kamar kunun ƙanƙara, kada a murɗa makulli. Famfon ruwan injin ba zai iya juyawa a cikin ƙanƙara ba, zai karye ko ya tsinka bel, injin kuma ya ɗau zafi duk da sanyin da ake yi saboda ruwan ba ya zagayawa. A kira motar janwe a kai ta gareji mai ɗumi, a bar ta ta narke da kanta ko da za ta yini, sannan bakanike ya gwada hanyoyin ruwan da famfon iska ya ga ko suna yoyo, ya kuma zaro sandar mai ya duba ko man ya yi fari kamar an zuba masa madara, kafin a tayar da ita.