Darasi na Tara: Yaranmu da Rafin Unguwa

Karatu

Kogin Kaduna yana tasowa ne daga tsaunukan Jos. Ya ratsa ta tsakiyar garin Kaduna ya raba shi biyu, arewa da kudu, sa'an nan ya nausa Jihar Neja. A can aka datse shi a Shiroro ana samar da wutar lantarki, daga bisani ya je ya faɗa Kogin Kwara daura da Pategi. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 550. Kogin Galma na Zariya ma a cikinsa yake zuba.

Ruwan famfon garin Kaduna daga wannan kogi ake janyo shi a tace, a Malali da kuma Kaduna ta Kudu. Da rani in kogin ya ja baya, akan sako masa ruwa daga madatsar Kangimi da ke ƙaramar hukumar Igabi. 'Yan lambu da shi suke ban ruwa. Alayyafo da latas da tumatirin da muke saye a kasuwa, da dama daga bakinsa aka cire su. Masunta, masu kwalekwale, masu haƙar yashi, masu wankin kaya, kowa da abincinsa a wurin.

Kwatar ƙofar gidanka tana zuba a babban lambatu. Lambatu yana zuba a rafin unguwa. Rafi kuma sai kogi. Saboda haka ledar da aka jefa a Tudun Wada ko Rigasa ko Kawo, in ba ta maƙale a kwalbati ta toshe shi ba, kogi za ta. In ta maƙale kuwa, ruwan sama ya rasa hanya, sai ya shiga gidajen mutane. Mazauna Kigo Road da Kabala da Unguwar Rimi da Barnawa ba su manta da ambaliyar 2003 ba, kuma da wuya damina ta wuce ba a ji ruwa ya shiga wata unguwa ta bakin kogi ba. Yawan ruwan sama da gini a kan hanyar ruwa su ne manyan dalilan ambaliya irin wannan. Toshewar magudana tana ƙara mata ƙarfi, ita ce kuma ke hannunmu.

Wa ke kai shara?

A tsaya nan a tambayi aji: a gidanku, wa ke fita da shara?

Kusan kullum amsar ɗaya ce. Yaro ne, ko yarinya, ko almajirin gida. Hadari ya haɗo, uwa ta ce, "Maza ɗauki kwandon nan ka juye a kwata kafin ruwa ya sauko, ya tafi da ita." Yaro ya yi biyayya. Ya kuma koyi darasi: kwata wurin zuba shara ce, ruwa kuma mai kwashewa. Gobe malamin makaranta ya ce masa a tsabtace muhalli, wa zai bi, malam ko mahaifiyarsa?

Don haka aikin farko yana bakin babba. Kafin mu ce za mu koya wa yara kare rafi, mu canja aiken da muke yi musu. Shara ta tafi bola ko wurin da aka keɓe. Robar lemo da gwangwani da tsohon ƙarfe a ware su a buhu, 'yan jari-bola suna saye, kuɗin kuma a bar wa yaron da ya tara. Ɓawon doya da ragowar ganye na akuya ne ko na taki. Abin da ya rage bayan wannan bai kai rabin kwando ba a yawancin gidaje.

Wani zai ce, "To Malam, unguwarmu babu bola, motar shara ba ta shigowa." Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Za mu zo kanta a wajen rubuta wasiƙa.

Fita bakin rafi

Yaron da bai taɓa tsayawa ya kalli rafin unguwarsu ba, ba abin da zai dame shi in an ɓata shi. Gani ya kori ji. A shirya fita, amma da sharaɗi.

Lokacin da ya dace shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Maris. A watan Agusta da Satumba kogi a cike yake, gaɓarsa na zaftarewa, kada a kai yaro kusa. Babba ɗaya ya riƙe yara biyar, kada su wuce haka. Kowa da takalmi. A nemi izinin iyaye, a kuma gaya wa mai unguwa. In wurin akwai masunta, a fara gaishe da Sarkin Ruwa ko babbansu, su suka san inda ke da zurfi da inda masu yashi suka bar rami. Wanda ke son wuri mai sauƙi ya fara da lambun Gamji, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, inda ake kallon kogi daga tudu. A nan ne kuma tsohuwar gadar Lugga take, wadda aka ɗauko daga Zungeru.

Babban sharaɗi: ba shiga ruwa. Ban da haɗarin nutsewa, akwai tsargiya. Mai cutar in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar sai su ƙyanƙyashe su shiga jikin wasu ƙananan katantanwa. Daga nan su fito su huda fatar mai wanka ko mai wanki, bai ko ji ba. Bayan wani lokaci sai a ga jini a ƙarshen fitsarin yaro. Har yanzu akwai masu cewa alamar balaga ce. Cuta ce, tana lalata mafitsara in aka bar ta, akwai kuma maganinta a asibiti. Yaron da aka ga haka gare shi a kai shi.

Me za su yi a bakin rafin? Su duba, su ƙirga, su rubuta. Kowane rukuni da littafi ɗaya da fensir. Wasu su ƙirga tsuntsaye: balbela nawa, zalɓe nawa. Wasu su duba tsirrai: akwai bado? Akwai kainuwa? In kainuwa ta rufe fuskar ruwa ruf, sau da yawa alama ce ƙazanta ko takin zamani yana kwarara cikinsa da yawa. Wasu su roƙi masunci ya nuna musu kamun ranar, su koyi bambanta tarwaɗa da karfasa da ƙurungu. Wasu kuma su auna taku ashirin a gaɓa, su ƙirga ledojin da ke ciki ba tare da sun taɓa ba. A rubuta launin ruwan, da ko yana wari, da ko akwai ƙyallin baƙin mai a samansa.

Kada a mai da yara 'yan kwasar shara. A cikin juji akwai fasasshen kwalba da allura da kashi. Ranar gayya, manya ne za su shiga da shebur da manjagara da safar hannu. Yara su riƙe littafi, su ƙirga buhu nawa aka fitar, su kawo ruwan sha.

Ku da kuke koyon rubutu yanzu, wannan littafi naku ne tare da 'ya'yanku. Yaro ya rubuta layi ɗaya, uwa ko uba ya rubuta na biyu. Ba abin kunya ba ne ɗanka ya gyara maka harafi.

Gwaji uku a tsakar gida

Na farko. A cika faranti biyu da ƙasa. Ɗaya a bar shi haka, ɗaya a sa masa ƙasar da aka sassabo da ciyawarta da saiwarta. A jingina su a karkace, a zuba musu ruwa da buta. Ruwan da ke sauka daga farantin da ba ciyawa jawur zai fito, ɗayan kuwa da ɗan haske. Yaro ya ga da idonsa dalilin da ya sa ba a son noma ko sassabe har bakin gaɓa, da amfanin ciyawa irin su jema da gamba, da itatuwan bakin ruwa irin su malmo da giyayya.

Na biyu. A haƙa rami biyu, a binne ɓawon ayaba a ɗaya, ledar fiya wata a ɗaya, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan wata guda a tone.

Na uku shi ya fi buƙatar bayani. Babba ya ɗebo ruwan rafi a farar kwalba, a rufe, a ajiye ya kwana. Da safe laka ta kwanta a ƙasa, sama ya yi garau. A tambayi yara: yanzu ana iya sha? Da yawa za su ce e. A nan za a gaya musu cewa ƙwayoyin kwalara da na taifot ido ba ya ganinsu, ruwa na iya yin fari tas yana ɗauke da su. Sai an tafasa shi ko an sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. In an gama a zubar da ruwan, a wanke hannu da sabulu.

A kuma nuna musu 'ya'yan sauro masu wutsil-wutsil a tsohuwar taya ko gwangwani. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo, mako ɗaya zuwa kwana goma ya isa a lokacin zafi. Kifar da irin waɗannan mazubai duk mako aiki ne da ɗan shekara shida zai iya.

A tambayi tsofaffi

A tura yara wurin kakanninsu da tambaya uku: Yaya rafin nan yake kuna yara? Wane kifi ake kamawa? Ina ruwa ke kaiwa da damina?

"Kaka, wai da gaske a nan kuke wanki?"

"Kai maigidan, rabu da ni. Har sha muke yi. Inda shagunan can suke, fadama ce."

Amsar tambaya ta uku a rubuta ta da kyau. Inda tsoho ya ce ruwa na kaiwa, ko an yi gini a wurin, ruwan bai manta hanyarsa ba.

Malaman addini ma a sa su ciki. A Suratul Anbiya, aya ta 30, Allah ya ce daga ruwa ya yi duk wani abu mai rai. Hadisi ya inganta cewa Annabi (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ke tsaye. A Littafi Mai Tsarki, Farawa 2:15, an sa mutum a gona don ya noma ta ya kuma kiyaye ta. Malamin Islamiyya da na makarantar Lahadi kowa na da abin faɗa, rafin kuma bai san unguwar Musulmi da ta Kirista ba.

Kai kuka inda ya dace

Ba ma son yaro ya tsaya gaban babba yana yi masa faɗa don ya zuba shara. Rashin kunya ne, kuma ba ya gyara komai. A koya masa ya ce, "Baba, sannu da aiki. Kawo in kai maka bola." Wanda ya ƙi, a bar wa manya.

Muryar yara tana da wurinta. Su yi ɗan wasan kwaikwayo a taron iyaye da malamai. Su zana taswirar unguwa, su sa jan alama a duk kwalbatin da ya toshe. Ranar 22 ga Maris ita ce Ranar Ruwa ta Duniya, 5 ga Yuni kuma Ranar Muhalli. Gidajen rediyo sukan nemi abin faɗa a irin waɗannan ranaku, kuma Kaduna gari ne na masu sauraron rediyo. Amma yashe kwata kada ya jira Yuni, a yi shi tun Afrilu kafin ruwa ya kankama.

Wasiƙa kuwa manya ne za su sa hannu. A bi tsari: mai unguwa, kansila, sa'an nan Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Kaduna, wadda aka fi sani da KEPA. Wasiƙar da ta ce "a taimaka mana da tsabta" ba ta motsa kowa. A faɗi wuri, a faɗi abin da aka gani, a roƙi abu guda. Ga misali, ku cike guraben:

*Ranka ya daɗe,*

*Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu iyayen yara na layin ______ muna sanar da kai cewa kwalbatin da ke kusa da ______ ya toshe. Ranar ______ yaranmu sun ƙirga leda ______ a cikin taku ashirin. Mun yi gayya mun fitar da buhu ______. Muna roƙo a keɓe mana wurin zuba shara, a kuma sa ranar da mota za ta riƙa kwashewa.*

*Mun haɗa da taswirar da yaran suka zana.*

*Mu ne naka, ______*

A rubuta kwafi biyu, a ajiye ɗaya. Wakilai su kai da hannu, su tafi da yara biyu riƙe da taswirar. In an yi mako uku shiru, a koma da kwafin.

Aiki

1. Rubuta sunan rafi ko lambatun da kwatar gidanku ke zuba a ciki. In ba ka sani ba, ka bi ta da ƙafa ranar da ba ruwa, kai da ɗanka.

2. Lissafi: a ce gida ɗaya na zubar da ledar fiya wata 15 a rana. Layinku gida 20 ne. Leda nawa ke nan a rana? A mako fa?

3. Yi jimla da kowace kalma: gaɓa, kwalbati, tsargiya, gayya.

4. Kwafi wasiƙar da ke sama a littafinka da hannunka, ka cike guraben da sunayen unguwarku. A zo da ita aji mako mai zuwa, za a karanta a zaɓi wadda za a kai wa mai unguwa.